Launukan da Nomau Ya Ɗauko

A Goribawa, can ƙarshen gari ta wajen fadama, akwai wani gida mai ɗaki uku, biyu daga ciki suna yoyo. Nan Inna Tabawa take zaune da 'ya'yanta biyu tun rasuwar mijinta. Sana'arta rinin kaba. Ita ke rinawa, matan unguwa su karɓa su saƙa faifai, wata Hajiya Tasalla kuma ta turo mota daga birni ta kwashe, don ta sami mutanen da ke rataye faifai a bango suna kallo maimakon su rufe fura da shi. Ƙaramar 'yar, Kuluwa, ta yi karatun kwamfuta, kanta na ja kamar wuta. Babban kuwa shi ne Nomau, shekararsa talatin da huɗu, gemunsa ya cika. Ku tattaro wawayen garuruwanku kaf ku kawo su, namu zai ba su ratar yini biyu, kuma ya riga su isa.

Ba mugu ba ne, ba malalaci ba ne, bai taɓa yi wa kowa musu ba. Karatu ma ya iya, domin malamin firamare ya ce ya koya, shi kuwa ya koya. Ciwonsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yana ɗan shekara goma Inna ta ce ya tsaya bakin rijiya har ta dawo, sai ta manta ta bi ta wata hanya. Da magariba aka same shi a tsaye, leɓe ya bushe, ga rijiya ga guga, amma ba a ce ya sha ba. Tun ranar Inna ba ta ƙara yin barci mai daɗi ba.

A shekarar da nake ba ku labari, abubuwa biyu suka haɗu wa Inna. Hajiya Tasalla ta aiko cewa masu saye sun gaji da ja wur da kore shar, launukan suna faɗa da juna kamar zakaru, in ba a gyara ba za ta koma wani gari. Sannan wan Inna, Kawu Jatau, ya zo ya zauna a zaure ya yanke magana.

"Tabawa, in sana'ar nan ta mutu, kafin ruwan farko ki rufe gidan nan ki dawo wurina. Ɗaki ɗaya nake da shi, naki ne."

"Nomau fa?" in ji Inna.

"Akwai mai gidan gona da ke neman mai gadi. Can cikin daji. Tsayuwa kawai ake so, ai ya iya."

Inna ta tuna rijiya. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Kuluwa ce ta ce tana da dabara. Ta ɗauko tsohuwar kwamfutarta ta haɗa da waya, ta yi bayani. Akwai wani shafi a intanet da aka tara launuka biyar-biyar, waɗanda suka dace da juna. Akwai kuma wani kundin umarni da masu sana'arta suka riga suka haɗa, laburare suke ce masa. In ka kira shi da 'yan layuka, shi zai je ya ƙwanƙwasa ƙofar shafin ya karɓo maka launukan. Ta rubuta layi goma sha biyu, ta danna, sai ga launi biyar sun jeru a allo kamar 'yan matan amarya. Inna har da guɗa. Sai dai kwana uku bayan nan aka tura Kuluwa bautar ƙasa can kudu, tafiyar kwana biyu a mota. Idon Inna ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Saura wa? Kuluwa ta rubuta dokoki huɗu a takarda, ta damƙa wa Nomau.

"Yaya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ƙara komai naka."

"Ba ni da komai nawa," in ji shi.

Wata rana, ranar kasuwa, Nomau ya ɗauki kwamfuta ya karanta doka ta farko: ka nemi inda sabis ya kai sanda huɗu, kada ka motsa daga wurin sai launuka sun fito. Ya zagaye gida, sanda ɗaya. Ya je gindin tsamiya, biyu. Ya hau jujin bayan masallaci, uku. Duk faɗin Goribawa wuri ɗaya ne ya ba da huɗu, shi ne tsakiyar kwalbatin da ke shiga kasuwa, wanda mota ɗaya ce ke iya wucewa ta kai. Ya shimfiɗa rawaninsa ya zauna, ya danna. Motar albasa ta iso ta yi ham. Bayanta babura, bayan babura amalanke, bayan amalanke garken shanu.

"Malam, lafiya?" in ji direba.

"Lafiya lau. Launi nake jira."

"Ka jira shi a gefe mana, don girman Allah!"

"A gefe sanda uku ce."

Aka yi magiya, aka yi zagi, wani ya ce a ɗauke shi cak, wani ya ce ɗan Tabawa ne, a bar shi da abin da ke damunsa. Shanu kuwa ba su san Tabawa ba. Wani bijimi ya gaji da jira ya kutsa, ya yi sama da Nomau da kwamfuta, suka sauka cikin rafi, shi a laka, ita a kan dutse. Ya dawo gida yana ɗingishi, allo ya tsage ta gefe, amma fuskarsa fal murna.

"Inna, sun fito kafin in faɗi. Kuma ban motsa ba, motsa ni aka yi."

Inna ta gasa masa ƙugu da ruwan zafi. Har yamma masu albasa suna zuwa ƙofar gida suna faɗin abin da ke ransu.

Wata rana kuma, saboda faɗuwar da ta yi, kwamfuta ta manta launukan, ta kuma nemi a sake sa mata lambar sirrin da shafin ke gane su da ita. Lambar tana rubuce a bayan takarda. Doka ta biyu ta ce: kada kowa ya ga lambar nan. Doka ta uku ta ce: in ta ƙi, ka sake gwadawa. Nomau ya koma kwalbati, ya ajiye takarda, gefen lambar na ƙasa, ya danne ta da dutse, ya rufe ido, ya shiga danna abin da yatsa ya samu. Ta ƙi. Ya sake. Ta ƙi. Tun hantsi har la'asar sakaliya yana nan, ya gwada sau ɗari biyu da wani abu. Shafin ya ga ana ta jijjiga masa ƙofa kamar ɓarawo, sai ya garƙame ta, ya rubuto cewa kada a ƙara zuwa sai bayan mako guda. Mako guda, alhali mata na zaune ba kaba, motar Hajiya kuma na tafe.

"Me ya hana ka duba takardar?" in ji Inna.

"Ta ce kada kowa ya gani."

"To kai da aka ba?"

"Ni ma ai cikin mutane nake, Inna."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta rufe. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa jin wani ya lissafa shi cikin mutane ba, sai yau da ya lissafa kansa. Ta juya ta shiga madafa, ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Wata rana, bayan ƙofar shafin ta buɗe, Kuluwa ta ba shi izini ta waya ya kalli lambar da idonsa, launuka suka fito. Masu kyau ne ƙwarai. Inna ta kwaikwaye su da galurar da ta saya a kanti, ta rina kaba, sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Rabon kaba ga mata ya faɗo kan Nomau, tare da doka ta huɗu: abin da ka gani a allo shi za a yi, daidai wa daida. To tun faɗuwar rafi, tsagar allon ta zubo da wani baƙin tabo mai jela, kamar an take ƙadangare, kuma kullum ƙara faɗi yake. Nomau ya ƙidaya: launi biyar, da tabo ɗaya. Ya nemi baƙi a gida bai samu ba, sai ya juye duk sauran galurar Inna a tukunya ɗaya, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, ya dafa har suka zama baƙi ƙirin. Ya bi gida-gida yana nuna allo.

"Nomau, wannan ƙazantar ma a saƙa ta?" in ji wata tsohuwa.

"Har jelar, Gwaggo. Ta hagu take kallo."

"Haka Turawa ke so?"

"Haka na'ura ta kawo."

Wa zai ja da na'ura? Faifai talatin aka saƙa, kowanne da mataccen ƙadangarensa, kuma gaskiya matan Goribawa sun iya aiki, don har yatsun suka fitar. Mota ta zo ta kwashe su, Inna tana kwance. Bayan kwana huɗu motar ta dawo da su cif, direba ya jibge su a zaure bai ko sha ruwa ba. Hajiya ta turo saƙon murya, aka kunna wa Inna a kunne.

"Tabawa, shekararmu tara tare, shi ya sa ban rufe waya ba. Ga hoton wani falo nan na turo, irin launinsa nake so. Faifai goma sha biyu, nan da mako biyu. Da kaina zan zo. In ban ga abin da nake so ba, mu yafi juna."

Inna ta dubi gwangwanayen galura, duk wayam. Ta dubi gabas, hadari ya fara leƙowa da yamma yana komawa.

Wata rana Kawu Jatau ya iso da amalanke da sabon kwaɗon rufe ƙofa a aljihu, don labarin ƙadangaru ya riga ya kai masa. Ya ce ba sai an jira Hajiya ba, a fara rage kaya. Ya kira Nomau.

"Kai, duk abin da ke da amfani a gidan nan, fitar da shi ka ɗora a amalanke. Tarkace a bar su nan."

Ya tafi gaisuwa gidan Liman. Da ya dawo ya tarar da amalanke ta cika: tukwane, turmi, tabarmi, akuya, ƙyauren ɗaki, a can sama kuma Inna Tabawa ce zaune a kan buhun gero, tana riƙe da igiya, ta gaji da cewa a sauke ta. Nomau kuwa yana tsakar gida, ya zauna tsakanin fasasshen tulu da faya-fayan ƙadangare, ya harɗe ƙafa.

"Kai kuma zaman me kake yi a nan?"

"Ka ce a bar tarkace."

"Wa ya ce da kai nake?"

"Kai, Kawu. Ranar Juma'ar da ta wuce, a zaure. Ka ce ba ni da amfanin komai."

Maƙwabta da suka taru suna dariya suka daina, kowa ya kau da kai. Kawu ya sosa ƙeya, ya ce a sauke kaya, zai jira ranar Hajiya, amma ko yini ɗaya ba zai ƙara ba. Ya rataye kwaɗon a ƙusar zaure ya tafi. Duk wanda zai shiga ko zai fita sai ya gan shi.

Daga ranar Inna ta saki. Ba ta ƙara zancen kwamfuta ba. Ta ce tunda barin gidan za ta yi, bari ta yi wa Kuluwa faifai ɗaya irin na kakarta, ta ajiye mata na aure. Ta shiga fadama ta tono saiwar rawaya, ta roƙi karan dafi wurin masu dawa, ta ciro tsohon curin baban rini da ya shekara goma a rataye, ta jiƙa toka da kanwa. Rinin da aka daina tun zuwan galurar kanti. Kwana uku tana cikinsa, hannu ya rine, kanwa ta tsattsaga shi.

Wata rana da safe Kuluwa ta kira Nomau. Ta ce baƙin tabon allo ba ya cikin lissafi, in ya ga saniya kuma ya matsa. Ta ce cikin layukan da ta rubuta akwai hanya ta biyu: in ya danna biyu, laburaren zai ɗauki hoto ya kai wa shafin, shafin ya tsamo launi biyar daga cikin hoton.

"Ka buɗe hotunan waya, ka ɗauki na ƙarshe. Na ƙarshe fa, Yaya."

"Na ƙarshe."

"Yawwa. Amma kafin nan, Inna ta ce hannunta ya tsage. Ɗauko min hotonsa in gani."

Ya je ya sami Inna bakin tukunya, ya ce ta buɗe tafi, ya ɗauka ya tura. Sannan ya nufi kwalbati. Ya buɗe hotuna. Ya ga falon da Hajiya ta turo sarai, da fararen kujeru da labule ruwan hoda, ya san kuma shi ake nufi da magana tun mako guda. Amma falon yanzu shi ne na biyun ƙarshe. Ya danna biyu, ya tura hannun uwarsa.

Da ya kawo allo, Inna ta matso da shi dab da hanci. Shuɗi mai duhu kamar hadarin gabas. Ja mai nauyi. Rawaya mai ƙasa-ƙasa. Toka-toka. Sai wani ruwan ƙasa mai ɗumi.

"Wannan Hajiya ke so?"

"Shi na'ura ta kawo."

Ta daɗe tana kallo. Zuciyarta ba ta kwanta ba, don ta san ɗanta. Amma ko da wasu launukan ne ba ta da galurar yin su, waɗannan kuwa ga su nan a tukwanenta, na biyar ɗin ma ɓawon gabaruwa ne kawai. Ta ce to, a mutu ana aiki. Ta rina, mata suka saƙa, wannan karon ita ta raba kaba da kanta.

Ranar da Hajiya za ta zo, da hantsi, Nomau ya tura wa Kuluwa hoton faya-fayan, don ta ce ya turo. Ko minti biyu ba a yi ba ta kira, muryarta har zaure.

"Yaya, wane hoto ka sa?"

"Na ƙarshe."

"Mene ne a cikinsa?"

"Hannun Inna."

Kuluwa ta yi salati. Sai kuka. "Ka kashe mu, Yaya. Wayyo, ni na kashe mu."

Inna ta ji komai. Ba ta yi faɗa ba, faɗa ya ƙare mata. Ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta a zane ɗaya, ta ɗaure na Nomau a wani, ta sa masa gora a ciki. Ta zaunar da shi ta riƙe hannunsa.

"In an kai ka can, in ka ji ƙishi ka sha ruwa. Ko ba a ce ba. Ka ji? Ni na ce. Kullum."

"Kullum, Inna."

"In rana ta yi zafi ka shiga inuwa. In ruwa ya sauko..." Ta tsaya. Ta ga dokokin ba za su ƙare ba, ita ce za ta ƙare.

Kawu Jatau ya iso da amalanke, ya sauko da kwaɗo yana gwada makulli. Bayan azahar motar Hajiya Tasalla ta tsaya. Ta shigo da tabarau da jaka, gaisuwa sama-sama, ta ce a fito da kaya tana sauri. Aka jera goma sha biyu a kan tabarma. Ta tsaya. Ta cire tabarau. Ta ɗauki ɗaya ta kai bakin zaure wurin haske, ta juya shi, ta shinshina.

"Wannan ba launin falon da na turo ba ne."

"Ba shi ba ne, Hajiya," in ji Inna. "A yi haƙuri."

"Wa ya zaɓa?"

"Na'ura," in ji Nomau. "Na tura mata hoto, ta kai can, aka tsamo biyar aka dawo da su."

"Hoton me?"

Ya kama hannun Inna ya buɗe tafin ya ɗora a kan faifai. Shuɗin yana cikin tsagar fata, jan yana gefen farce, rawayar ta kwanta a tafi, tokar tana gaɓoɓi, na biyar kuwa fatar ce kanta. In ba don yatsun na motsi ba, da ba a gane inda hannu ya ƙare faifai ya fara ba.

Hajiya ta dubi hannun, ta dubi faifan. Sannan ta mayar da tabarau.

"Irin falon nan kowa na da shi. Wannan kuwa na zagaye gari bakwai ban gani ba. Tabawa, kina da wannan a hannu shekara tara kike aiko min da na kanti?"

"Ban san abin so ba ne, Hajiya. Wankewa nake yi."

"Duk wata ina son arba'in. Kuma ku ji da kyau, kada a canja komai. Komai."

Direba ya kwashe, mota ta tashi. Kawu Jatau ya juya kwaɗo a hannu, ya ce dama shi tun farko ya san yaron nan ba a banza yake ba. Ya ja amalankensa wayam. Bai kai kwalbati ba ruwan farko ya sauko, ya yi masa dukan tsiya.

Inna ta tara kwanoni a ɗakunan da ke yoyo, ta kwance ɗaurin kaya guda biyu, ta zauna tana kallon hannunta. Ba ta yi guɗa ba. Ta san rufin bai gyaru ba, ta san shekarunta, ta san wata rana za a sake rataye kwaɗo a ƙusar nan ba ta nan balle ta yi magana. Amma bana dai ɗanta a ɗakinsa zai ji ƙarar ruwa.

Washegari ta tashi za ta yi wanka, ta nemi sabulu ta rasa. Ta duba bayan tulu, ta duba kan katanga, har sabulun salo na wanki babu.

"Nomau, ina sabulun gidan nan?"

"Na binne, Inna."

"Ka binne?"

"Hajiya ta ce kada a canja komai. In kika wanke hannun, me za mu tura?"

Ta dube shi, dariya da kuka suka taho mata tare.

"Amma na bar miki ruwan alwala," in ji shi. "Wannan Liman ya riga Hajiya magana."

Nan kabar ta ƙare, nan na ɗaure bakin faifai. Wanda ke ganin ƙarya na shara, hanyar Goribawa a buɗe take, ya je ya gani da idonsa. Sai dai ya tafi da sabulunsa.